Kilomita Ɗari Biyar Kafin 'Yar Wake

Litinin, 28 ga Oktoba

'Yata Outi ta haihu! Mace. Ƙarfe shida da minti goma na safe, kilo biyu da 'yan kai. Na zama kaka.

Malama Helvi, wadda ta koyar da mu a ajin yamma lokacin da na koma makaranta ina ɗan shekara hamsin da ɗaya, ta ce mutum ya fara rubuta rana, sai yanayin gari, sannan labari. Yau dai ta yi haƙuri. Yanayin gari: oho, ban duba ba.

Jarkko, mijin Outi, shi ya kira. Ban gama jin “mace ce” ba matata Raili ta ƙwace wayar daga hannuna. Yarinyar ta zo da wuri, saura mako biyar. An sa ta a kwalba, amma da kanta take numfashi, likita ya ce huhunta ƙalau. Da na ji haka na fita waje ban san abin da na fita yi ba, na dawo ɗaki riƙe da gatari. Raili ta ce, “Tsoho, wa kuma za ka sara?”

Ba za a faɗi sunanta ba sai ranar baftisma, kamar yadda aka saba. Kafin nan 'Yar Wake suke ce mata.

Ba a barin kowa ya shiga sashen sai uwa da uba, saboda murar da ke yawo. Hoto ɗaya aka turo. Hula ta fi kan girma.

Talata, 29 ga Oktoba

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, ta rufe tsakar gida.

Bari in rubuta yadda aka tsara, don in riƙa karantawa ina jin daɗi. Gidan benen da su Outi ke zaune a Joensuu ana canza masa bututun ruwa gaba ɗaya. Wata uku babu famfo, babu bayi, ƙura ko'ina. Su kuma ba su da mota, mutanen keke ne. Don haka tun bazara aka ce idan an haihu, nan za su zo su yi hunturu. Ni zan ɗauko su, ni zan riƙa kai yarinya awo asibiti, kilomita casa'in zuwa, casa'in dawowa. Jikata a gidana har Fabrairu.

Raili ta gama gyara tsohon ɗakin Outi tun jiya. Ni kuma na fito da tayoyin hunturu daga ɗakin tukunyar ɗumama gida, na ɗaura su da kaina. Gwiwa ta yi ƙorafi amma an gama. Na gwada zurfin zanensu da tsabar yuro biyu, farin bakin ya nutse duka. Tayoyi kamar jiya aka saye su. Abin da kula ke yi ke nan.

Laraba, 30 ga Oktoba

Outi ta kira da kanta. Murya a gajiye amma tana dariya. 'Yar Wake ta sha nono kaɗan ta bututu. Idan komai ya tafi daidai, Juma'ar mako mai zuwa za a sallame su.

Sai ta ce, “Baba, waɗanne tayoyi ne a motar?”

Na ce na hunturu mana, masu ƙusa don riƙe ƙanƙara, jiya na ɗaura. Ta ce ba waɗanda ta koyi tuƙi da su ba dai? Na ce su ne, kuma lafiyarsu ƙalau, na gwada da tsaba. Ta yi shiru. Na san wannan shirun, na uwarta ne.

Daga nan ta faɗa mini a hankali, ba faɗa. Yarinyar kilo biyu ce. Hanyarmu ba a zuba mata gishirin narkar da ƙanƙara, motar share ƙanƙara sai ta ga dama take zuwa, ga gangaren tafki. Sinikka, uwar Jarkko, ta ce su zo wurinta. Ɗakuna biyu ne kacal, amma minti goma ne zuwa asibiti. “Ni gida nake so, Baba. Amma ba a kan waɗannan tayoyin ba.”

Na ce to.

Ban ci abincin rana ba. Shekara talatin da huɗu ina tuƙa motar ɗaukar gungumen itace a dazukan nan, yau yarinyar da na koya wa sa giya ke tambayata taya.

Raili ta ce in daina kumbura in je wurin Veijo.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na je Ilomantsi wurin Veijo mai tayoyi. Tare muka yi ajin yamma da shi, ƙattai biyu a kan kujerun yara. Shi ya fi ni lissafi, ni na fi shi rubutu, har yau ba mu gama wannan gardamar ba.

Layi har bakin titi. Kowace shekara haka: kowa ya san hunturu na zuwa, kowa sai ya jira ƙanƙara ta sauka sannan ya rugo. Veijo ya hango ni ya ce, “Ga marubuci. Layi na mako biyu ne, ka rubuta wannan.” Na ce masa na yi jika. Ya ajiye sifana ya goge hannu ya ba ni, ya daɗe bai saki ba. Sai ya ce Allah ya sa ba ta ɗauko hancina ba.

Na ce duba mini tayoyi kawai zai yi, ya faɗa wa Outi lafiyarsu lau, magana ta ƙare.

Ya durƙusa. Bai ko kalli zanen ba. Ya goge gefen tayar da babban yatsa, ya nuna mini lambobi huɗu da ban taɓa kula da su ba: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Shekararsu goma sha uku. Ya danna farce a jikin robar, ko alama. Ya mirgino sabuwa ya ce in danna. Ta lotsa kamar burodi. Tawa kuwa katako.

Ya tambayi inda nake ajiye su da bazara. Na faɗa masa da alfahari: ɗakin tukunya, kusa da wuta, inda babu danshi babu sanyi.

“Aulis,” ya ce, “ba ajiye su ka yi ba. Gasa su ka yi. Shekara goma sha uku kana gasa su a hankali.”

Ya kira wani da ke cikin layi ya zo ya ji. Wannan ban yafe ba tukuna.

Muka ƙirga ƙusoshin tayar gaba ta dama. Kusan rabi sun zube, sauran sun nutse cikin roba. Zane na nan saboda ba na yawan tafiya tun da na bar aiki. Zane kawai.

A hanyar dawowa, a gangaren tafki, na taka birki don in gwada. Babu kowa a hanya. Motar ta ci gaba da tafiyarta kamar ba da ita nake ba, sai da ta ga dama ta tsaya, gindinta ya ɗan karkata. Na zauna a ciki na ɗan lokaci. Da yarinyar na baya fa.

Gara da aka haife ta da wuri aka tayar da maganar. Gara.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Yau gardamar masu ƙusa da marasa ƙusa.

Jarkko yaron kirki ne, amma komai sai ya karanta. Ya turo mini gwaje-gwajen mujallu har shida. A ganinsa in sayi marasa ƙusa: ba su da ƙara, jaririya za ta yi barci, ba sa cin kwalta su tayar da ƙura a gari. Na karanta duka, da biro a hannu, kamar yadda aka koya mana. Ba ƙarya ya yi ba. A kan dusa da kwalta suna da kyau. Amma a shafi na huɗu, inda aka gwada su kan ƙanƙara mai ruwa a sama, masu ƙusa sun riga su tsayawa da tsawon mota biyu. Na ja layi a ƙarƙashin wurin, na ɗauki hotonsa na mayar masa. Na ƙara da cewa gangarenmu daga Nuwamba zuwa Maris haka yake, kamar gilashin da aka jiƙa.

Ya amsa: “Gaskiyarka, Aulis.”

Sau uku na karanta wa Raili. Ta ce ta ji tun na farko.

Na kira Veijo. Iri uku ya lissafa mini. Na ce wanne zai sa wa motar da za ta ɗauki jikarsa? Ya faɗa. Na ce shi. Tsada kam akwai, injin yankan ciyawa zai ƙara shekara. Girman tayata babu a shago, sai Litinin za su iso.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ranar tunawa da mamata. Mun kai kyandir kabarin iyayena da na iyayen Raili, a ƙafa. Na gaya wa Inna an yi mata tattaɓa kunne. Da ƙarfi na faɗa, ashe akwai mutane a baya.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Sinikka ta sayi gadon jarirai. “Ko da za a buƙata,” in ji ta a waya da Raili. Ko da.

Ba ni da abin cewa a kanta, mace ce mai kirki. Amma falonta ko taga biyu babu.

An cire wa 'Yar Wake bututun hanci.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Tayoyi sun iso. Veijo ya ba ni lokacin hutun gahawarsa, ya ɗaura su da kansa yana cin burodi da ɗaya hannun. Baƙaƙe wul, ƙusoshi na ƙyalli, har ƙamshi suke. Na shafa ɗaya kamar ɗan maraƙi.

Ina shirin shiga mota ya riƙe ƙofar. Ya ce na tuna dai da sabawa? Sabuwar taya mai ƙusa sai an yi mata kilomita ɗari biyar a hankali kafin ƙusoshin su zauna daram a ramukansu. Ba fizgar mota, ba birki da ƙarfi, ba shan kwana da gudu, kada gudu ya wuce tamanin. In ba haka ba su karkace ko su zube tun ba a je ko'ina ba. Bayan kilomita ɗari kuma a dawo a ƙara ɗaure notuna.

Na sani mana. Kowa ya sani. Ba wanda ke yi.

Ya ce, “Kai da ka taɓa bin jana'iza ka wuce motar gawa, ina ka ga ɗari biyar a hankali?” Ƙarya ce. Motar gawar ce ta tsaya shan mai.

Kuskurena shi ne da na ba Jarkko labari a waya, don dariya. Ashe ya riga ya karanta. Ba a yi minti goma ba saƙon Outi ya shigo: “Baba, ɗari biyar kafin ta shiga motar. Ka turo mini hoton mitar motar ranar Juma'a.”

Kwana huɗu. Ni da a wata ba na yin ɗari uku yanzu.

Na mayar da ƙaramar mita sifili a ƙofar shagon. Na bi doguwar hanya zuwa gida. Arba'in da ɗaya. Ƙarar ƙusoshi a kan kwalta kamar ana suya.

Talata, 5 ga Nuwamba

Joensuu da dawowa. Raili ta gasa gurasar shinkafa guda sittin, wai abincin asibiti ba ya kawo nono. Na biya wurin Veijo a dawowa ya ƙara ɗaure notuna.

Saba'in na riƙa yi. Ban san saba'in tana da tsawo haka ba. Wata motar gungume ta biyo ni tun daga mararraba, na san direban yana zagina da irin zagin da ni ma na sha yi wa tsofaffi. Na ratse na ba shi hanya. Ya ɗaga mini hannu. Sai na ji wani iri.

Outi ta sauko ƙasa ta karɓi kayan, da takunkumi a fuska, daga nesa muka tsaya. Ta rame. Ta ce in fita in tsaya wajen fitila ta uku a wurin ajiye motoci in kalli hawa na huɗu. Na tsaya. Can sai ga Jarkko a taga riƙe da wani farin ƙunshi. Ya ɗaga. Na ɗaga hula.

Gaskiya ban ga komai ba sai fari. Raili na gefena tana cewa ga hannunta, ga hannunta tana motsawa. Na ce na gani.

Mita: ɗari biyu da ashirin da shida.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba. A jere, in ji Malama Helvi.

Kerttu maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya rasu bara, ta daɗe tana son zuwa Lieksa ganin yayarta a gidan tsofaffi. Bas ba ya zuwa kai tsaye. Na ce ta shirya, kilomita nake nema. Ta ce shekara arba'in muna maƙwabtaka ban taɓa ce mata ta hau ba sai da taya ta buƙaci yawo. Ta shigo da kek a cinya. Raili a gaba, ita a baya.

Zuwa lafiya. Hanyar dusa ce da aka danne, motar ta riƙe ta kamar da farce. A kowace kwana ina jiran gindin ya zame kamar yadda na saba, shiru. Ashe shekaru ina tuƙi kafaɗuna a ɗage ban sani ba. Yau suka sauka. Har waƙa na yi, suka ce in bari.

Tsofaffin biyu sun yi hira har ƙarfe uku. Kafin mu fito gari ya fara shuɗi. Ba rana ba, ba duhu ba, lokacin da dusa da sama da hanya ke zama launi ɗaya.

Bayan gadar katako, a miƙaƙƙiyar hanya, ina kan sittin da biyar. Raili ta ce, “Aulis.” Na ce me? Ta ce, “Birki.”

Na taka, ban san me nake taka wa ba. Da duk ƙarfina. Motar ta yi ta karkarwa, kek ɗin Kerttu da ya rage ya bugi bayan kujerata. Muka tsaya. Sai a lokacin na gan ta: ƙatuwar barewar dajin nan tamu mai dogayen ƙafafu, ta fi doki tsayi, tsaye a tsakiyar hanya. Tsakaninmu bai fi taku huɗu ba. Ta kalle mu, ta tsallaka abinta. Ɗanta ya biyo ta.

Kerttu ta ce tayoyin nan sun biya kuɗinsu. Ta yi ta maimaitawa har gida. Gaskiya ne, da tsofaffin ne da yanzu wani ke rubuta labarinmu.

Amma ba wannan ba ne. Raili ta gan ta tun tana bakin daji. Ni ban gan ta ba har sai da muka tsaya.

A gida Raili ta dafa miya, ta zuba mini, ta tambaya ko za a hura ɗakin sirace. Shekara ashirin da shida ta yi tana zagaya ƙauyukan nan da motar aikin jinya, gida gida, rani da hunturu, ba ta taɓa faɗawa rami ba. Ni sau huɗu. A motata kuwa ba ta taɓa zama a sitiyari ba, ban san dalili ba, haka dai aka taso.

Mita: ɗari huɗu da ashirin da tara.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Da safe na koma wurin Veijo, tsorona kada birkin jiya ya lalata ƙusoshin. Ya ɗaga motar ya juya tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana bi da tafin hannu. Ko ɗaya bai zube ba. Ya ce sun riga sun kusa zama, birki ɗaya ba zai yi musu komai ba. Na sauke numfashi.

Ya ce in ba shi labari. Na ba shi. Na ce “muka hango ta.” Ya ce wa ya hango? Mutumin nan da lissafi.

Bai yi dariya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce shi ma tun bara ba ya tuƙi idan gari ya yi shuɗi, an ce yanar ido ce ke taso masa, aikin minti ashirin ne, yana kan layi. “Taya na sayar maka, Aulis. Ido ba na sayarwa.”

Na ce idona lafiya lau, da rana har lambar motar da ke gaba ina karantawa. Ya ce da rana.

Idan na gaya wa Outi, gadon Sinikka ya samu mai shi. Idan ban gaya mata ba, to. An ce sallama ƙarfe goma na safe. Sha biyu muna gida, rana tsaka. Awo ma da safe ake yi. Babu abin da ya haɗa ni da shuɗin gari. Ba ƙarya zan yi ba, shiru kawai zan yi.

Na karanta abin da na rubuta yanzu. Bai yi mini kyau ba.

Mita: ɗari huɗu da tamanin.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Tana gida.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba. Yanzu suna barci su duka, har Jarkko, da tsakar rana.

Mita ta cika ɗari biyar a daidai gidan man da ke bayan mararraba. Na ratse na ɗauki hoto na tura. Outi ta maido da zuciya guda uku. Tara da rabi muna asibiti.

Goma ta yi, shiru. Likitan da zai duba ta na ƙarshe an kira shi wani wuri. Sha biyu. Ɗaya. Muka sha gahawa sau uku ni da Raili a ƙasa. Ina kallon taga, ita tana kallona. Biyu da rabi hasken ya fara canzawa.

Uku saura kwata suka fito. Jarkko riƙe da kujerar jarirai da hannu biyu kamar ya ɗauko tukunya cike da ruwa. Na leƙa. Bargo, bargo, hula, sai ɗan hanci. Irin nawa ne. Veijo zai ji.

Jarkko ya ɗaure kujerar a tsakiyar baya, ya duba sau huɗu. Outi ta zagaya motar tana kallon tayoyin, ta shuri ɗaya da takalmi, ta ce, “Sun yi kyau, Baba.” Na tsaya riƙe da makulli. An kunna fitilun wurin ajiye motoci. Na nemi fitila ta uku, inda na tsaya ranar Talata, sai na ga ta zama biyu.

Na ce, “Outi, ranar Laraba barewa ta tsaya mana a hanya. Uwarki ce ta gan ta. Ni ban gan ta ba.”

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na miƙa wa Raili makulli. Ta karɓa ba ta kalle ni ba, ta buɗe jaka ta fito da takalmanta marasa tsini, na tuƙi. Tun daga gida ta sako su. Wannan matar.

Outi ta daɗe tana kallona. Na ce a raina shi ke nan, gidan Sinikka minti goma ne. Ta tambayi tun yaushe. Na ce ban sani ba, wataƙila tun bara. Ta ce ranar Litinin za a kira asibitin ido. Na ce to. Ta ce awo Mama ce za ta riƙa kai su har sai an duba ni. Na ce to.

“To shiga baya, Baba, sanyi na kama ta.”

Jarkko a gaba, ni da Outi a baya, yarinya a tsakiyarmu. Ban taɓa zama a bayan motata ba. Ashe akwai wuri. Raili ta matso da kujera gaba, ta gyara madubai duka uku waɗanda na yi shekara da shekaru ina saitawa, ta tayar. Tuƙinta ba laifi. Tana saurin sa giya ta uku, amma ban ce komai ba. Sau ɗaya na ce.

Ƙarar ƙusoshin da Jarkko ke tsoro, ita ta sa yarinyar barci tun kafin mu fita gari.

Gangaren tafki an yi yayyafi a kai da rana ya daskare, yana ƙyalli a fitila. Raili ta sauko da giya ta biyu. Na ji ƙusoshin suna cizo ta ƙasan kujera. Ban kalli hanya ba. Wani ɗan hannu ya fito daga bargo, na sa masa ɗan yatsana, ya riƙe. Da na ɗago kai muna ƙofar gida.

Da ni ke tuƙi da ban samu wannan ba. Don haka kusan ma ni na zaɓa. Gwiwata ma dama tana ciwo.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ranar iyaye maza. Na ɗaga tuta a ƙofar gida, kamar yadda ake yi a ranar. Jarkko ya samu safa, ni ma safa.

Ta ƙara giram arba'in. Tana atishawa sau biyu a jere. Idan ta yi hamma duk fuskar ce ke yi.

Sinikka za ta zo ranar Laraba da gadon jariran da ta saya, a bas zuwa Ilomantsi. Raili za ta ɗauko ta. Ni zan tsaya gida, wani ya kamata ya riƙa sa itace a wuta.

Outi ta kafa doka: in ban da Sinikka, ba mai shiga sai bayan mako uku, mai tari ko ƙofar gida kada ya taɓa. Na ce to ta taga fa? Ta ce taga ba laifi. Na share dusa daga bakin hanya har tagar kicin, na zuba yashi, na ajiye benci da tulun gahawa a baranda. Tun safe nake kan waya. Veijo, Kerttu, tsofaffin abokan aikin daji, 'yan ajin yamma da suka rage. Malama Helvi ma, shekararta tamanin da bakwai, ta ce a zo a ɗauke ta. Na ce Raili na zuwa.

Na rubuta takarda da manyan baƙaƙe, Jarkko zai manna a allon shagon ƙauye. Na kwafe ta nan:

Aulis da Raili sun yi jika. Mace ce, tana gida, lafiyarta ƙalau. Kullum daga sha biyu zuwa ɗaya, lokacin da akwai haske, kakanta zai riƙe ta a tagar kicin. Akwai gahawa a baranda. Gangaren tafki da santsi, ku sauko a hankali, ba inda za ta je, tana nan har Fabrairu. Kowa da kowa ya zo ya gani.